Ni da maƙwabcina taki ɗaya muka sa, me ya sa masararsa ta fi tawa?

Wani manomi daga wajen Ngong, kudu da Garwa a arewacin Kamaru, ya aiko da wannan tambaya. Ya ce shi da maƙwabcinsa iri ɗaya suka shuka, rana ɗaya, kowa ya sa buhun NPK ɗaya da rabin buhun yuriya a kar ɗaya, wato rubu'in hekta. Shi ya bi layi yana zuba takin a gindin masara ya bar shi a sarari, ruwa ya narkar. Maƙwabcin kuwa ya tona rami a gefe ya rufe. Da masara ta kai ƙugu sai tasa ta fara rawaya daga ƙasa, ta maƙwabcin tana nan kore shar. Yana so ya sani: wurin da aka ajiye taki yana da wannan tasirin, ko dai takin jabu aka sayar masa?

Malam, jabun taki akwai shi a kasuwa, amma abin da ka bayyana bai nuna jabu ba. Tunda taki ɗaya kuka saya, bambancin daga hannu yake. Naitirojin, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore kuma ƙwaya ta cika, shi ne mafi saurin gudu a cikin duk abin da ke cikin buhun taki. Yana fita ta sama ya bi iska, yana bin ruwa ya nutse ƙasa, kuma inda ruwa ya kwanta yana rikiɗa ya zama iskar da shuka ba ta iya amfani da ita. Wurin da ka ajiye shi da lokacin da ka ajiye shi su ne ke yanke hukuncin ko saiwa za ta riga waɗannan hanyoyi kama shi.

Mu fara da yuriya, don a nan asararka ta fi yawa. Buhun kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kashi 46 cikin ɗari ke nan. Amma saiwa ba ta cin yuriya a yadda take sai kaɗan. Da zarar ƙwayar ta sami danshi ta narke, wani sinadari da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ke fitarwa, ana kiransa yuriyes, yana farfasa ta ta koma amoniyam, wata siffar naitirojin da saiwa ke iya ci. A ƙasa mai ɗumi irin tamu wannan aiki yakan ƙare cikin kwana biyu zuwa huɗu. Yayin da yake gudana, ɗan wurin da ke kewaye da ƙwayar yakan koma mai kanwa-kanwa sosai, pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, ya haura zuwa wajen 9, kuma a irin wannan yanayi amoniyam yana juyewa ya zama iskar amoniya. Ita ce warin nan mai hawa kai da ake ji a turken awaki da safe. In ka durƙusa a gindin masararka kwana biyu bayan ka zuba yuriya a sarari, rana ta ɗan yi zafi, za ka iya jin sa. Kuɗinka ne ke tashi.

In ƙwayar tana ƙarƙashin ƙasa santimita 5, amoniyar da ta taso sai ta ratsa ƙasa mai danshi kafin ta kai sarari, a hanya ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen ciyayi su kama ta su riƙe. In a sarari take babu mai tare ta. Asarar na iya cin kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na abin da ka zuba, ta kuma wuce haka in abubuwa sun haɗu: zafi, iska, ƙasa mai yashi, da saman ƙasa mai ɗan danshi da ke bushewa.

Mutane da yawa suna cewa ai ruwa zai shigar da shi. Gaskiya ne, amma wane ruwa? Ruwan da zai wanke yuriya ya kai ta ƙasa sai ya kai milimita 10 zuwa 15, kuma ya sauka cikin kwana ɗaya ko biyu da zubawa. Yayyafi da raɓa su ne mafi sharri, domin suna narkar da ƙwayar su tayar da farfasawar, amma ba su da ƙarfin tura ta ciki. Ruwa mai ƙarfi irin na watan Agusta kuma, a gona mai gangara, yakan kwashe ta ya zuba a kwari, gonar wani ta amfana ko ciyawar bakin rafi. Wanda ya zuba taki a sarari yana jiran ruwan da ya yi daidai, ba kaɗan ba ba mai yawa ba, kuma a ranar da yake so. Wani lokaci a dace, sau da yawa a rasa.

Abu biyu ke ƙara wannan asara da ya kamata ka kiyaye. Toka: kada a gauraya yuriya da toka, kada kuma a zuba ta a inda aka ƙona karmami toka na kwance, don toka tana ɗaga pH ta buɗe wa amoniya hanya. Sai ciyawa ko kara da aka shimfiɗa a gona. Shimfiɗar tana da kyau ƙwarai ga ƙasa, masu noman auduga da suka rungumi shuka a ƙarƙashin shimfiɗa sun ga amfaninta, amma yuriyar da ta faɗa kan karan ba ta taɓa ƙasa ba tana saurin tashi. A yaye shimfiɗar, a tona, a sa, a rufe, a mayar da ita.

To an binne, shi ke nan? Da saura. Amoniyam yana manne wa laka, ba ya yawo da nisa. Amma cikin mako ɗaya zuwa uku wasu ƙwayoyin halittar suna mayar da shi naitiret, shi kuwa naitiret ba ya manne wa komai, duk inda ruwa ya bi nan zai bi. A jigawar da ke kewayen Garwa da Ngong, inda ake samun ruwan sama wajen milimita 1000 a shekara kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba, ruwa biyu ko uku masu ƙarfi sun isa su tura naitiret ƙasa da inda saiwar ƙaramar masara ta kai. Binnewa ba ta hana wannan. Abin da ke rage shi shi ne raba takin kashi biyu ko uku, a ba shuka a lokacin da bakinta ya buɗe. Masara mai mako biyu kaɗan take ci. Daga lokacin da ta kai gwiwa zuwa fitar fure da goyo, a nan take kwasar mafi yawan naitirojin ɗinta, kuma a lokacin saiwarta ta bazu ta cika tsakanin layuka. Wanda ya juye NPK da yuriya gaba ɗaya a mako na biyu ya ba ruwan Agusta rabonsa tun kafin masara ta iya ci.

Akwai wata fa'ida ta binnewa a wuri ɗaya da ba a cika faɗa ba. Inda taki ya taru a rami ko a siririn layi, ƙarfinsa yana rage wa ƙwayoyin da ke mayar da amoniyam naitiret kuzari na ɗan lokaci, sai naitirojin ya daɗe a siffar da ruwa ba ya ɗauka. Haka kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da kara da ciyawa, waɗanda su ma naitirojin suke nema su ci, ba sa samun dama a kansa kamar yadda suke samu in an watsa shi ko'ina. Ita ma ciyawa ba ta samu. Takin da aka watsa a faɗin gona rabinsa na tsakiyar layi ne, inda ba kowa sai ciyawa.

Yanzu ga yadda ake yi a masara, da lissafin kar ɗaya, wato rubu'in hekta, mita 50 a mita 50.

In tazararka santimita 80 tsakanin layi da layi, 40 tsakanin rami da rami, tsiro biyu a rami, kana da ramuka wajen 7,800 a kar. Buhun NPK na kilo 50 in an raba shi a kansu, kowane rami zai sami giram 6 da ɗan kai, kusan cikin murfin kwalbar lemo a cike. Rabin buhun yuriya, kilo 25, kowane rami giram 3 da ɗan kai, wajen rabin murfin ko ya ɗan fi. Murafu sun bambanta, saboda haka ka kai naka wurin mai sikeli, ka auna cikinsa 20 ka raba, ka san abin da yake ɗauka. In NPK ɗinka 20-10-10 ne, buhun yana da kilo 10 na naitirojin, rabin buhun yuriya yana da 11 da rabi. Jimla a hekta kilo 86 ke nan. Masara tana bukatar wajen kilo 20 zuwa 25 na naitirojin a jikinta kafin ta ba da tan ɗaya na ƙwaya, don haka kowane kilo da ya tashi sama ana ganin gurbinsa a rumbu.

NPK ana sa shi da wuri, ranar shuka ko cikin kwana 10 zuwa 14 bayan tsiro. Dalilin gaggawar fosforas ne, lambar tsakiya a jikin buhu. Shi ba ya gudu kamar naitirojin, akasin haka ma, ba ya motsi: inda ka ajiye shi nan zai zauna, da ƙyar ya matsa santimita ɗaya ko biyu. In ka bar NPK a sarari, fosforas ɗin ya maƙale a busasshiyar fatar ƙasa inda saiwa ba ta zama. In ka binne shi santimita 5 a gefen iri da santimita 5 ƙasa da shi, saiwar farko za ta ci karo da shi, ta yi rassa masu yawa a wurin, kuma wannan tarin saiwar shi zai kwashi naitirojin da fotasiyam da ke tare da shi. Wanda ya tumɓuke tsiro ɗaya mako uku bayan sa taki ya wanke saiwar a hankali zai ga gefen da takin yake ya fi ɗaya gefen gashi.

Santimita 5 faɗin yatsu uku ne na babban mutum. Kada a matso fiye da haka. Takin zamani gishiri ne, in ya taɓa iri ko saiwa ƙarama yana zuƙe ruwan jikinta, yuriya kuma tana ƙara da gubar amoniya. Alamar ita ce tsiro ya ƙi fitowa a wasu ramuka, ko ya fito gefen ganyensa ya ƙone, in an tono a ga bakin saiwar ya yi baƙi. A jigawa, kuma in ruwa ya ɗauke bayan shuka, ƙunar ta fi tsanani. Yuriya dai kada ta shiga rami ɗaya da iri ko kaɗan.

Yuriya tana zuwa ne a mako na huɗu zuwa na shida, masara ta kai gwiwa, bayan an yi noma an kau da ciyawa. Wannan karon a ja baya, santimita 10 zuwa 15 daga kara, don saiwa ta riga ta miƙe kuma ba a so a datse ta. Zurfi santimita 5, a jigawa a kai 7 ko 8, domin saman yashi yana bushewa da wuri, takin da ke cikin busasshiyar ƙasa kuwa ko an rufe shi shuka ba ta samunsa sai an sake ruwa. Ƙasa ta kasance mai danshi, irin wadda in ka dunƙula ta kama amma ba ta ɗiga. Washegarin ruwa ya fi dacewa. Kada ka sa a ƙasa ƙamas, kada kuma ka sa a caɓi. Kuma a kula ƙwaya kada ta faɗa cikin kunnen masara, tana ƙona ganyen da ke fitowa.

Rufewar ma da yadda ake yi. Ramin da aka soka da sanda aka jefa taki aka wuce ba a toshe ba, bututu ne amoniya za ta bi ta fita. A tura ƙasa a danna da diddige.

Na san abin da za ka ce: ramuka 7,800 ba wasa ba ne. Haka ne, wahalar ita ce ta sa mutane ke watsawa. Mutum uku suna sauƙaƙa aikin, ɗaya na soka rami, ɗaya na jefa taki, ɗaya na rufewa. Mai shanun noma kuwa yana da hanya mafi sauri: a zuba yuriya a siririn layi a gefen masara, garmar huɗa ta biyo baya nan take ta rufe. A layi mai tsawon mita 50 yuriya giram 400 ake bukata, NPK giram 800, sai ka nemi gwangwanin da ya ɗauki wannan adadi, kowane layi gwangwani ɗaya. Sharaɗin shi ne nan take. A zuba da safe a ce sai gobe ko jibi shanu za su samu, an riga an yi asarar da ake gudu. Ka zuba iya layukan da za a rufe a ranar. In kuma gonar tana da kunya tun farko, takin ya shiga kafaɗar kunya. Ƙoƙon kunya yana saurin bushewa, kwarin kunya kuma hanyar ruwa ce.

Gero da dawa a wuraren da ruwa bai kai na Garwa ba, kamar Marwa da Kaele da ƙetaren kogin Logon cikin Cadi, lissafinsu ya ɗan bambanta, don ramukan suna da tazara kuma kuɗin taki ya yi wa yawancin manoma nauyi. A nan dabarar ɗan taki a rami, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada ta kuma yaɗa daga Nijar, ta dace: giram 6 na NPK 15-15-15 ko giram 2 na takin DAP a kowane rami lokacin shuka, a gefe kaɗan, ƙasa ta raba shi da iri. Abin da take yi shi ne ta ba tsiro ƙarfin farko ya zurfafa saiwa. Sai dai kada a ɗauka ta wadatar. Shukar da ta yi ƙarfi tana ƙara zuƙar abin da ke cikin ƙasa, in ba a mayar da takin gargajiya ba gonar za ta ci gaba da ramewa. Inda ƙuduji ya yi yawa, dawar da ta sami naitirojin a gindinta ta fi jure masa.

Karal, baƙar lakar da ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a kanta bayan damina, tana da nata hali. Tana riƙe amoniyam da kyau, ba ta barin ruwa ya wanke shi kamar jigawa. Amma pH ɗinta yakan yi sama, saboda haka yuriya a samanta tana saurin tashi, kuma in ruwa ya kwanta iska ta ƙare a cikinta, wasu ƙwayoyin halitta suna karɓe iskar shaƙa daga jikin naitiret su sake naitirojin ya tashi. Kwana biyu ko uku na kwanciyar ruwa a lokacin zafi sun isa a yi babbar asara. Mai noman damina a irin wannan ƙasa ya fara gyara magudana kafin ya sayi yuriya. Muskuwari kuwa da danshin da ƙasa ta ajiye yake rayuwa, ba ruwan sama a bayansa, don haka takin da aka watsa bayan dashe yana nan a sama har girbi, in kuma an jefa yuriya a ramin dashe tana ƙona saiwar.

Shinkafar ruwa, irin ta filayen kamfanin shinkafa na SEMRY a Yagwa da Maga ko ta ƙasan madatsar Lagdo, ita ce inda watsa yuriya ya fi ɓarna. Da rana gansakuka tana ɗaga pH na ruwan, amoniya ta tashi kai tsaye. Abin da ya sauka kan laka kuma, siririn saman lakar mai iska yana mayar da shi naitiret, ya gangara ƙasa inda babu iska, ya tashi a banza. Sau da yawa shinkafa ba ta samun ko rabin abin da aka watsa. Maganin da cibiyar bunƙasa taki ta IFDC ta yaɗa shi ne dunƙulen yuriya mai giram 1.8 ko 2.7, a cusa shi santimita 7 zuwa 10 cikin laka a tsakiyar gindi huɗu, wajen mako ɗaya bayan dashe, a tazarar santimita 20 a 20, sau ɗaya tak. A can ƙasa babu iska, amoniyam yana zama a yadda yake, saiwa ta zo ta same shi. Yana bukatar dashe a layi da ƙasa mai laka, a yashi ba ya aiki sosai. Inda babu dunƙulen, a rage ruwan fadamar har laka ta bayyana, a zuba yuriya, a tattake ta ta shiga, a mayar da ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Auduga ba sai na daɗe a kanta ba, malaman kamfanin auduga na SODECOTON suna ba da jadawalinta tare da takin. Ƙa'idar ɗaya ce: a gefe, a rufe, yuriya ta tafi tare da huɗa. Jinkirta ta yana sa auduga ta yi ta ganye ta ƙi buɗewa da wuri. Masu albasa a Marwa da Garwa su tuna saiwarta gajeriya ce, ba ta wuce santimita 20 zuwa 30, ban ruwa mai yawa bayan sa taki yana tura naitiret ƙasa da ita. A ba ta kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, a bi da ruwa madaidaici, a daina da zarar ta fara ƙwai, in ba haka ba wuyanta ya yi kauri ta ƙi ajiya.

Duk wannan ya fi yin amfani ne in ƙasar tana da abin riƙe taki. Jigawar da ta shekara goma ba ta ga kashin shanu ba, ko an binne taki ba ta da wurin da amoniyam zai maƙale sosai. Ruɓaɓɓen takin gargajiya shi ke samar da wannan wurin, kuma shi ke rage tsamin da yuriya ke bari a ƙasa shekara bayan shekara. Shi ma a rufe shi, don wanda aka bari tsibi-tsibi a rana tun watan Maris naitirojin ɗinsa ya daɗe da tafiya. Ɗanyen kara ko buntun shinkafa da aka binne dab da shuka kuwa yakan sa masara rawaya na makonni, saboda masu ruɓar da shi sun riga ta cin naitirojin.

Game da gonarka ta bana, fara tabbatar da ciwon. Ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya, gefuna su rage kore. In sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari, na ƙasa suna kore, ka fi zargin ƙarancin salfa, yuriya ba za ta gyara shi ba. In ƙasar ta jiƙe sharkaf, saiwa ce ta rasa iska, a buɗe wa ruwa hanya tukuna. Idan alamar ta naitirojin ce kuma masarar ba ta fid da fure ba, ka ƙara kilo 10 zuwa 12 na yuriya a kar, giram ɗaya da rabi a rami, santimita 15 daga kara, a danshi, a rufe. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 sabon ganye zai nuna. In ta riga ta yi goyo gemu ya fara bushewa, ajiye kuɗinka. Baɗi kuma ka ware layi 10 ka yi musu yadda ka saba, 10 na kusa da su ka binne, taki daidai wa daida, ranar girbi ka auna kowane kashi daban.